Bangon Zauren Gidanmu

Yayana ne da kansa ya aiko in zo da kyamara. Babban ɗansa ya kawo saƙon. Ya same ni da hantsi a ƙofar tsohon shagona na hoto a Boɗinga, ina zaune kan benci ba aikin fari balle na baƙi. Ya kafe babur, ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi iyali, sannan ya ce:

"Baffa, tsoho ya ce ka taho da na'urar nan taka mai ƙafa uku. Wadda ba ta ƙarya."

"Shi yac ce haka?"

"Da bakinai. Ya ce in hoto ya nuna bangon zaure tsaye shike, in kama bakina har abada. In ko ya nuna ya karkata, in kawo masu diga."

Na san maganar. An daɗe ana yin ta a gidanmu, a wani ƙauye bayan Kajiji. Babanmu ne ya gina zauren da tubali tun ban yi wayo ba, da rufin azara da zankwaye a kusurwoyi. Da ya rasu yayana ya gaji gidan, ya gaji zaman zauren. A nan yake karɓar gaisuwa, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, a nan tsofaffin unguwa ke taruwa su yi ta musu kan damina har azahar. Ɗan kuwa, wanda Allah ya buɗa wa a fataucin albasa, cewa yake bangon da ke kallon lungu ya fara sunkuyowa waje, alhali ta lungun nan mata ke bi zuwa rijiya, shanu ke bi zuwa kiwo. So yake a rushe ya yi na bulo da siminti. Ya taɓa kawo birkila ya saki igiya da dutse daga sama, yayana ya ce mai neman aiki ba ya ba da shaida. Ya ɗauka da waya ya nuna wa mutane, aka ce a waya kowane gini kwance yake fitowa, har hasumiyar masallacin Juma'a. Wannan kuma gaskiya ne.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Daga firamare na shiga koyon hoto a Sakkwato. A can wani dattijo mai aikin zanen gine-gine ya bar mini kyamararsa lokacin da ya ajiye aiki. A cikin kayanta akwai wani ido, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaba, wanda ba irin sauran ba ne. Yana da ɗan maɓalli a gefe. In ka murɗa shi sai idon ya zame sama, jikin kyamara yana nan inda yake. Duk wanda ya tsaya gaban dogon gini ya ɗaga kan kyamara don saman ya shigo, ginin zai fito kamar mai faɗuwa ta baya, gefunansa suna matsowa juna ta sama. Da wannan ido ba ka ɗaga kai. Ka kafa ƙafafun, ka duba ɗan ruwan nan mai kumfa da ke samanta, irin na magina, har kumfar ta zauna tsakiya, sannan ka zamar da idon sama har rufin ya shigo. Abin da ke tsaye a ƙasa zai fito tsaye a takarda.

Da shi na ci abinci shekaru masu yawa. 'Yan kwangila a birni sukan kira ni in sun gama bene ko makaranta ko ofis, in ɗauka musu su kai inda za su kai. A baƙi da fari nake yi, don a ganina kala tana janye ido daga gini. Ina kuma da baki a lokacin. Duk inda na kafa ƙafafun mutane suka taru, sai na ce musu a hotona gini ba ya karkata sai in a ƙasa ma karkatacce ne. Na faɗi wannan a zauren yayana ba sau ɗaya ba, ina shan furarsa. Ashe ya riƙe.

Igiya da dutse sun isa su raba wannan gardama, na san haka tun ɗan nawa yana tsaye. Da na ce ya koma ya ce Baffa ba shi da fim, da an yarda, don kowa ya san fim ya yi wuya. Amma an daɗe ba wanda ya tambayi kyamarar nan. Waya ta cinye sana'ar, har hoton fasfo ma yanzu a shagon caji ake yi. Na tashi na shiga ciki, na buɗe tulun da na binne rabinsa a yashi, inda nake ajiye ragowar fim saboda zafi. Akwai saura.

Washegari bayan asuba ya zo ya ɗauke ni. Na rungume ƙafafun kyamara a bayansa, muka bi kwalta muka wuce Shagari, muka sauka hanyar ƙasa. Bazara ce, ana ta sharar gona, hayaƙin ƙona kara yana tashi nan da can. A hanya ya ce yana son a gama komai kafin ruwan farko.

Matar yayana ce ta fara ganina, tana fitowa da ƙwarya. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Lale da angona! Yau ka tuna hanya? Bango ad da daraja ke nan, mu tsohi ba a ɗaukar mu?"

"Ke ai kin karkata tun tuni, ba sai an auna ba."

"Ja can, ɗan nema. Wanda yab biya sadakina bai ce haka ba."

Yayana yana kan buzunsa a inda yake zama kullum, dama da ƙofa. Ban kai ga sallama ba ya ce, "Mai hoto, ka iso?" Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙa hannu baya ya bubbuga bangon da tafinsa.

"Diba kaurinai. Jaki na iya kwana bisa gindin wanga bango. Baba bai yi gini don 'yan albasa su zo su koya mai ba."

Ɗan ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Na fita lungu. Na nemi inda zan tsaya in hango kusurwar bangon daga gefe, zaure a hagu, lungu a dama. Rana ta ɗan ɗago, tana shafar yaɓen ta gefe, irin hasken da nake so. Na jira shanun maƙwabta suka wuce, na kori wata akuya da ta zo shinshinar jakata. Na kafa ƙafafun, na daidaita har kumfar ta zauna, na murɗa maɓallin ido ya hau, zanko ya shigo. Sai na sa idona.

A gilashin leƙen kyamarar akwai siraran layuka a tsaye da a kwance, kamar na littafin lissafi. Ginin ƙasa na gaske ba ya tashi sak. Gindinsa kauri ne, yana hawa yana shiga ciki. Haka kusurwar ta taso daga ƙasa, tana shiga ciki yadda ya kamata, har wajen ƙirjin mutum. Daga nan ta sauya. Ta miƙe, ta tsallake layin, ta fita waje, zankon yana rataye a kan lungu. Ba da yawa ba ne. Amma ba abin musu ba ne.

Na daɗe ina kallo. Ban ji komai ba. Abin da nake tunawa shi ne wani ƙadangare da ke kan indararo yana gyaɗa kai, da tunanin ko zai tsaya har in danna. Ya tsaya. Na danna.

Sannan na yi abin da ban taɓa yi wa gini ba. Na mayar da idon ƙasa, na sassauta wuyan ƙafafun, na ɗaga kan kyamara kaɗan. Kumfar ta gudu gefe. A cikin gilashi bangon ya ja da baya, ya koma ciki, ya tsaya kamar ranar da Baba ya gama shi. Na danna wannan ma.

"Baffa, yaya?" in ji ɗan nawa daga bayana.

"Sai an wanke."

A ɗakin bayan shago na wanke, da rana, bayan na toshe taga da ƙofa da barguna. Na sanyaya ruwa a randa, don ruwan zafi yana lalata fim. Maganin wankin ya tsufa, ban tabbatar zai yi ba, amma ya yi. Na roƙi maƙwabcina mai caji ya jawo mini wuta daga janaretansa, na kunna jan ƙwan lantarki, na buga duka biyun a takarda. Ina tsaye gumi yana bin bayana na ga zauren yana tasowa a cikin ruwa. Ƙasa a baƙi da fari abin kallo ce. Sawun yatsun masu yaɓe ya fito, inuwar indararo ta sauko doguwa, har ƙadangaren. Ban taɓa yin hoto mai kyau kamar na farkon nan ba.

Na biyun yana da aibi ɗaya. A gefen dama katangar bulo ta maƙwabci ta shigo, ita ma ta kwanto ciki, kuma duk mai ido zai gane an ɗaga kyamara. Na ɗauki almakashi na yanke gefen. Ban yi gardama da kaina ba, na yanke ne kawai kamar yadda ake yanke farce. Na sa su a ambulan ɗaya. Nakan tuna matan da ke bi ta lungu da tuluna, nakan tuna yayana a kan buzunsa, amma ba tunanin da ya zauna. Na ci tuwona na kwanta.

Bayan la'asar na kai musu, ranar da ɗan ya sake zuwa ɗaukata. Mu uku ne a zauren, matar yayana tana tsaye bayan ƙofar ciki inda za ta ji. Na sa hannu a ambulan. Yatsuna sun san su, ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Na ciro mai faɗin na miƙa wa yayana. Ba ni da dalilin da zan rubuta a nan.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya kawo shi kusa da fuska, ya ja shi nesa, ya juya wajen hasken ƙofa. Ɗan ya miƙo hannu.

"Kawo in diba, Baba."

"Ba kai nika tambaya ba."

Ya ci gaba da riƙe takardar. Can ya ɗora ta a gwiwa.

"Idon ga nawa ya yi yana, ƙanena. Ya kwan biyu. Hayaƙi kawai nika gani." Ya juyo wajen da nake. "Kai ka hwaɗa min. Mi ag ga takardar ga?"

Ban san idon ya kai haka ba. Na duba ɗan, na ga shi ya sani. A nan na gane ba hoto yayana ya aika a kawo ba, bakina yake so. Duk abin da na faɗa shi zai ɗauka, ko da ɗansa ya rantse da Alƙur'ani ya ga wani abu daban. Takardar da na yanke wa gefe ba ta da amfani, wadda ke gwiwarsa ma haka.

"Ya karkata, Yaya."

"Da yawa?"

"Daga ƙirji zuwa sama. Ba da yawa ba."

"Amma ya karkata."

"Ya karkata."

"To."

Ya miƙa wa ɗan hoton ba tare da ya juya ba, ya ce a kawo masa buta. Matarsa ta bar bakin ƙofa, na ji takunta yana nisa.

Sai a hanyar komawa, mun wuce Shagari, na tuna maginan da sukan yi wa irin wannan bango madogari, su tara tubali daga waje su tokare shi, ya ƙara shekaru. Na ga irinsa da yawa a tsohon birni, na ma ɗauki hotonsu. Su biyun sun yi alkawari mai ƙofa biyu, tsaye ko karkace, ni kuma na amsa abin da aka tambaye ni. Ban ce wa ɗan nawa ya juya babur ba. Na bari sai washegari na kira shi a waya.

"Baffa, lungun ai bai da faɗi, in an yi madogari ina shanu za su bi? Kuma na riga na yi magana da masu bulo."

Na ce to. Wataƙila da gaskiyarsa. Ban koma na auna lungun ba.

Ina wurin aka fara rushewa. Sun fara kwashe ƙasar rufi, suka zare azara. Gara ba ta taɓa ko ɗaya ba, maƙwabta suka yi ta roƙon a ba su. Yayana an shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaro da ke tsallaken hanya, na zauna kusa da shi. Da aka zo kan bangon lungu sai suka ɗaura igiya a sama, majiya ƙarfi suka ja daga waje suna kirari. Bangon bai motsa ba. Suka ƙara mutane. Zankon kawai ya karye ya faɗo. Suka koma diga, diga tana dukan gindin tana dawowa kamar an bugi dutse.

Ɗaya daga cikin leburorin ya tsaya yana share gumi ya ce, "Aradu wanga bango da an ƙyale shi, shi za shi binne mu duka."

"Kai, rufa muna baki," in ji wani, yana nuna inda muke da haɓa.

Yayana ya ji. Jifa-jifa dai yakan tambaya, "Ya hwaɗi?" in ce tukuna. Haka muka yi har magariba ta kusa, aka tashi. Na kwana a gidan. Kashegari ma haka. Sai da suka sassare gindin ta waje, suka yi masa rami kamar masu saran kuka, sannan ya tafi. Cikin lungu ya faɗi, ta inda hoton ya nuna. Amma ta nan suka sare shi, saboda haka faɗuwar ba ta tabbatar da maganar kowa ba. Ko da zai faɗi da kansa a daminar nan, ko zai kai jikokin jikoki, ban sani ba. Kyamarata ba ta auna wannan.

Ƙura ta lafa, yayana ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Kama ni in tashi."

Sabon zauren ya tashi kafin ruwa ya zauna. Bulo ne, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, kusurwoyinsa sak. Ɗan bai yi ƙwauro ba, har dakali ya sa aka yi wa uban a daidai inda buzunsa yake a da, aka shafe da siminti. Yayana ya gwada zama. Kafin azahar kwanon ya ɗau zafi, tsofaffin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa inuwar masallaci. Amma ba zafin ne ya kore shi ba. Matarsa ce ta faɗa mini, ba da wasa ba wannan karon.

"Cewa yay yi ɗakin amsa-kuwwa shikai. In mutum ya yi sallama, muryar ta bugi nan ta bugi can, bai gane ko wa na ba. Da can ko tari kay yi bakin ƙohwa ya san ka. Yanzu sai ya tambayi mutum sunanai, mutumin da sunka yi kaciya tare. Ya ce shi ba ya iya wannan kunya."

Sai ya koma ɗakinsa na cikin gida. Namijin da ba ɗan gida ba kuwa ba ya wuce zaure. Masu zuwa gaisuwa sukan tsaya a ƙofa su ba da saƙo a kai masa, su juya. Da aka kwana biyu saƙon ma ya ragu. Ɗan ya yi maganar kai shi birni a duba idon, ya ce sai bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce.

Zuwana na baya-bayan nan lokacin cirar albasa ne. Na tarar da ƙofar ƙarfen a buɗe. Tun da ba mai zama, ɗan ya fara ajiye kaya a ciki. Buhunan albasa ne jere har kusa da kwano, a kan dakalin ma, an bar siririyar hanya a tsakiya. Na bi ta gefe-gefe, warin yana shiga idona, na fita tsakar gida. Yayana yana zaune a bakin gadonsa, fuskarsa wajen ƙofa, carbi a hannu ba ya ja. Na yi sallama ya amsa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ya tambayi iyali, na ce suna gaishe shi. Ya tambaya ko gero ya yi kyau wajenmu bana, na ce ba laifi. Can aka kira la'asar, ya lalubi butarsa a gefen gado, na tura masa ita kusa.